Ƙarar Birkin Baba

A bakin gareji wani mutum yake zagaya tsohuwar motar da ya gada daga mahaifinsa, bakanike na biye da shi yana goge hannu.

"Ka gani, yallaɓai? Sabon inji, sabon birki, amma fenti da kujeru ko taɓa su ban yi ba. Marigayi kansa ba zai gane an yi mata gyara ba."

Mutumin ya shiga, ya ja ta kaɗan, ya taka birki. Ta tsaya cak, shiru.

"Ina ƙarar da take yi in an taka?"

"Haba! Ai ita ce cutar. Ƙarfe ne ke cin ƙarfe."

"Mahaifiyata ta rikice tun rasuwarsa. Kullum da yamma nakan shigo da motar gida. In ta ji ƙarar sai ta ce, 'Babanku ya dawo, a kawo abinci.' Sai a lokacin take ci."

Bakanike ya daina goge hannu.

"Tsohon birkin yana nan ban yar ba. Amma wallahi ba da hannuna za a mayar da shi ba."

Mutumin ya daɗe riƙe da sitiyari.

"To yau wa zan ce mata ya dawo?"