Ramin da Ya Ƙi Cika

Ina jiran motar zuwa garin Mai Wurno a tashar Sinnar, a ƙasar Sudan, sai wata tsohuwa ta dubi hannuwan mutumin da ke kusa da ita.

"Ɗana, gawayi kake ƙonawa?"

"Da dai, Inna. Yanzu rami nake cikewa. Mufattish, wato jami'in duba daji, ya ce doka ce, wanda ya sare itace ya ƙona, sai ya mayar da ƙasa yadda ya same ta. In ya dawo ya tarar da rami, ya hana ni dajin, kuma da shi nake ciyar da yara."

"To, ka cike mana."

"Ina cikewa. Da yamma ƙasa ta daidaita, da safe ta lotsa. Wuri ɗaya ne kullum, tsawon mutum a kwance, daidai alƙibla."

"Wane itace ka sare a wurin?"

"Wata aduwa ce ita kaɗai, a bakin tsohuwar hanyar alhazai. Ta yi gawayi mai kyau kuwa. Har awarwaro na tsinta a tokar, reshe ya haɗiye shi."

Tsohuwa ta janye mayafi daga hannunta, sai ga awarwaro guda.

"Irin wannan? Da ƙafa muka taso daga Sakkwato, ni da maigidana. Shi bai kai Makka ba. A gindin aduwa aka binne shi, na rataya ɗaya awarwaron a reshe. Itacen na zo nema."

Mutumin ya sunkuya ya duba awarwaron.

"Kada ka ƙara zuba masa ƙasa, ɗana. Ciwon ƙirji ya kashe shi, ba ya son nauyi."

"Mufattish fa, Inna?"

"Shi ma ya zo ya gwada cikewa."