In Namu Ba Shi da Amfani, Me Ya Sa Yake Tafiya da Shi?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma shugaban taro, mai girma Dagaci, limamanmu da malamanmu, shugabannin masunta da na manoman rani, 'yan'uwanmu na rugage, iyayenmu mata da ke ƙarƙashin rumfa, jama'ar Tiga baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni Ubale, ina godiya ga shugabanni da suka ba ni wannan dama, ina kuma godiya gare ku da kuka baro gona da bakin ruwa kuka zo.

Maganata a kan modem ce, wato ƙaramin akwatin nan da ke karɓo intanet daga farantin da muke kafawa a kan rufi. Kamfani kan kawo farantinsa tare da nasa akwatin. To, wata biyu ke nan wani baƙo mai suna Sagir yake zagaya gidajenmu a kan babur, yana cewa nasa akwatin ya fi na kamfani sauri nesa ba kusa ba.

Na farko, ku ji abin da ya sami Malam Baffa. Sagir ya cire masa na kamfani, ya jona nasa, ya sa tsohon akwatin a jaka. Baffa ya ce, "Malam, wancan fa?" Ya ce, "Baba, ai wannan ya zama shara." Ranar da 'yar Baffa, Hamdiyya, za ta zauna ganawar neman gurbin karatun jinya ta intanet, da hantsi, akwatin ya kawo jar wuta ya tsaya cak. Aka kira kamfani, suka ce, "Wannan ba namu ba ne, ba mu san shi ba." Aka kira Sagir, waya a kashe. Kafin a kai yarinyar nan Bebeji a kan babur don a sami intanet, an rufe ganawa. Shekara guda tana shiri, jama'a, shekara guda!

Na biyu, ina da tambaya. In namu shara ne, me ya sa yake tafiya da shi? In nasa alheri ne, me ya sa shi kaɗai ya san lambar sirrinsa? Hotunan iyalanmu ta nan suke bi, saƙonninmu ta nan suke bi. Ban ce ɓarawo ne ba, don ban kama shi ba, amma ruwa ba ya tsami banza.

Na uku, kuma shi ya fi min nauyi: ni na kai Sagir ƙofar gidan Baffa, ni na ce mutumin kirki ne, alhali sanin shanu na yi masa. Malam Baffa, a gaban jama'a ina roƙonka gafara.

An ce jiya an ga Sagir a Ɗansoshiya. Duk mai ɗan'uwa a can, ya kira shi yau: kada a bari kowa ya taɓa akwati sai an tambayi kamfani.

Allah Ya kare mu daga mai daɗin baki, Ya musanya wa Hamdiyya da mafi alheri, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.