Kiran da Na Amsa a Gindin Tsamiya

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu, iyaye da 'yan'uwa. Sunana Kofur Istifanus. Kun san ni ba gwanin magana a gaban jama'a ba ne, amma in na yi shiru yau, na yi wa Ubangiji butulci.

Bara da damina aka tura mu wani ƙauye bayan Auyo, muna gadin jingar da ke tare ruwa. A lokacin na shiga karatun difloma ta intanet, irin wanda sojoji ke yi daga bakin aiki. Ana farawa da Turanci, lissafi da tarihi kafin mutum ya kama fanninsa. Matata Rifkatu ce ta matsa mini. Ta ce ba za ta zuba ido in tuɓe kaki in koma gadin ƙofar wani ba.

Matsalar ita ce sabis. Duk yankin babu inda waya ke kamawa sai wani tudu a cikin fadama, gindin wata tsohuwar tsamiya da ciyawar kacala ta kewaye. Darasin kuma da rana tsaka ake yi. Sai in naɗe wando in ratsa ruwa, in zauna a can ni kaɗai.

Wata rana wani tsoho masunci ya tsaya da kwalekwalensa ya dube ni.

"Soja, nan ba wurin zama ba ne da rana tsaka. In ka ƙi tashi, to ko sunanka ka ji an kira, kada ka amsa."

Na yi dariya na ce, "Baba, ni da harsashi ya sha wuce kunnena, itace ne zai kore ni?"

Ya ce, "Allah ya kyauta," ya tura jirginsa. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Ku gane wani abu game da soja. An horar da mu ne mu amsa kira kafin mu yi tunani. Malamarmu kuma takan kira suna ɗaya ɗaya kafin ta fara darasi.

Ran nan ina zaune ina jira, sai iska ta tsaya cak. Kwaɗi suka yi shiru, tsuntsaye ma haka. Na ji muryar mace a hankali: "Istifanus."

Na ce, "Ina nan, Ma."

Sai na duba wayar. A mace take, caji ya ƙare tun ban sani ba. Ina riƙe da ita haka aka sake kira, daga cikin kacala.

Tun daga ranar lafiya ta ƙaurace mini. Kullum rana ta take tsaka sai in ji kiran, ko ina cikin mutane, ko cokali na bakina. Ƙafafuna su riƙa jan ni wajen ruwa. Na rame, idona ya faɗa. A asibiti suka auna jini ba su ga komai ba. Ogana ya karɓe bindigata, ya ce in abin ya ci gaba sai asibitin ƙwaƙwalwa. Na ji tsoro, 'yan'uwa, tsoron da ban taɓa ji a fagen daga ba.

Da na gaya wa Rifkatu ta waya daga asibitin, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baban Yohanna, kada ka sake zuwa tudun nan." Ta kai maganar wurin zumuntar mata na wannan ikilisiya, suka kama azumi.

Amma jarrabawa ta zo, kuma babu sabis sai can. Na tafi.

Na tuna na zauna, na buɗe tambaya ta farko. Abin da na sani bayan haka shi ne ina tsaye cikin ruwa har ƙirji, na ɗaga waya sama da kaina. Kacala ta rufe ni ta ko'ina, laka tana haɗiye takalmana. Muryar tana gabana, kusa ƙwarai, mai taushi kamar ta uwa. Bakina har ya buɗe zai amsa.

Sai na yi kuka na ce, "Yesu, na amsa wa wanda ban sani ba. Yanzu kai nake kira, ka amsa mini!"

Muryar ta katse a tsakiyar sunana.

Kwaɗi suka koma kukansu. Can na ji ana ratsa ciyawa, sai ga hancin kwalekwale, ga tsohon nan. Ya miƙo mini gora, ya jawo ni da ƙyar. Takalmana suna can har yau.

Da muka fito tudu ya daɗe yana kallona.

"Soja, wa ya gaya maka sunana?"

Na ce, "Baba, ban san sunanka ba."

Ya ce, "Ina can nesa ina duba taruna, na ji ka kira, Bukar, Bukar, zo nan. Muryarka ce sak. Ita na biyo har na same ka. In ba haka ba, wa zai ga mutum a cikin kacala?"

'Yan'uwa, sunan Yesu kaɗai na kira a cikin ruwan nan.

Ban sake jin wannan murya ba. An mayar mini da bindigata. Makaranta ta ba ni damar sake jarrabawar, na zo nan Haɗeja na rubuta ta a falon Fasto, na kuma ci. Iyayena mata da kuka yi azumi domina, Ubangiji ya saka muku.

Ban san irin ruwan da ya kai wa waninku ƙirji yau ba. Ku kira Yesu, ku dogara gare shi. Ya san inda kuke, ya kuma san wanda zai aiko. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.