Mai Sanƙo Ya Yi Wa Rijiyarmu Aski

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Hajara ce daga Sandamu.

A jikin tsohuwar rijiyar unguwarmu akwai wani ɗan ganye mai laushi, karansa baƙi siriri kamar gashi. Tun muna yara Inna kan miƙa hannu ta tsinki kaɗan, ta tafasa, ta wanke mana kai idan an tsefe kitso. Saiwarsa kuwa ba ta yarda a taɓa.

Sai ga maƙwabcinmu, magidanci har da jikoki, ya gani a waya wai ganyen yana tsirar da gashi a sanƙo. Mutumin da sai zai yi alwala hula ke barin kansa. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya shiga rijiya da fartanya, ya kankare ganyen har saiwa. Ƙasar da saiwar ke riƙe da ita ta zube ciki, ruwa ya koma kamar kunun kanwa. Yanzu sai 'yan garuwa sun zo muke shan ruwa.

Na tare shi na ce, "Malam, ina gashin?"

Ya gyara hula ya ce, "Hajara, magani sai da haƙuri."

Haƙurin dai mu ke yin sa. Masu sauraro, ku ba ni shawara: in kai shi gaban mai unguwa ya yashe mana rijiya, ko in jira gashin ya fito? Don jiya iska ta ɗauke hular, kan nan yana nan fes kamar sabon faranti.