Maƙerin da Ya Cire wa Kansa Haƙori

Ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya bar mini numfashi har na tsaya a gabanku yau. Mai cewa amin ya faɗa da ƙarfi, kunnena na hagu ba ya ji sosai.

Na ga wasu can baya suna satar kallon kumatuna. Ku kalla da kyau, ku daina sata. Wannan ramin da ke ƙasan muƙamuƙina da wannan tabon ƙuna, ba fashi aka yi mini ba, ba kuma jaki ne ya harbe ni ba. Wauta ce, tawa ta kaina.

Sunana Tanko. Maƙeri ne ni, ɗan maƙeri, daga wani ƙauyen Maguzawa a bayan Kibiya. Ina ƙera fartanya da lauje da wuƙa, amma abin da ya sa aka san ni cire haƙori ne. Ran kasuwar Rano nakan zauna a gindin tsamiya da awartakina. Mai ciwo ya zo ya kwanta, in matse kansa tsakanin gwiwoyina, ƙarti biyu su danne ƙafafu. In namu ne a ba shi giya, in Musulmi ne ya yi ta salati. In fizge haƙori, in goge awartakin a walkina, in ce na gaba ya matso. Wanda ya yi kuka kuwa ya shiga uku da bakina, har in ce masa ya je gida ya ɗaura zane. Ban da tausayi ko na ƙwayar gero, 'yan'uwa, kuma ina alfahari da hakan.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Nomau. Shi ke yi mini zuga tun yana ƙarami. Rana ɗaya ya ajiye zuga-zugi ya bi 'yan mishan, suka koya masa karatu da aikin ɗakin shan magani, ya dawo da farar riga da keke da sabon suna. Ban taɓa kiransa da sunan ba, har yau ma bakina bai saba ba.

Wata ran kasuwa ina tsakiyar aiki ya zo ya tsaya a kaina. A gaban jama'a ya ce, "Yaya, ko tafasa ƙarfen nan ka riƙa yi mana. Bakin mutum goma da awartaki ɗaya? Ai ciwo kake raba musu."

Mutum biyu da ke jiran layi suka miƙe suka karkaɗe riga suka tafi. Kai! Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Yaron da na goya ya zo ya koya mini ƙarfe? Na ɗauki ƙotar fartanya na rafka masa a goshi, girarsa ta tsage, jini ya wanke farar rigar. Bai rama ba. Rashin ramawar ma ya ƙara tunzura ni.

Da na koma gida na shiga maƙera, na tara 'yan'uwana maƙera, na dafa uwar maƙera, ƙarfen da muke dukan aiki a kansa, da hannun dama na rantse. Na ce in hannun Nomau ya sake taɓa jikina, ƙarfe ya ci ni. Ku da ba maƙera ba ba za ku san nauyin wannan ba. A wurinmu wanda ya dafa ƙarfen nan ya rantse ya gama magana, ba a janyewa, ba a roƙon arziki. Shekara huɗu ban amsa gaisuwarsa ba. Ko a makokin uwarmu, da ya matso kusa, bayana na juya masa.

To, da kakar gyaɗa, shekara biyu kafin mulkin kai, sai matauni na ƙasa ya kama ni, nan ɓangaren hagu. Na cusa kanumfari, na cusa jar kanwa, na cusa garin taba. A banza. Ciwo yana soka ni har tsakar ka. Matata Kande ta ce, "Maigida, ka je Rano gun wanzami ya cire maka mana."

Na ce, "Ke, rufe mini baki! Ni in kwanta wa wanzami? Askar da yake taƙama da ita wa ya ƙera masa?"

Mu maƙera mun taso ana gaya mana ƙarfe ba ya cin maƙeri, wuta ba ta ƙona shi. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Don haka da hantsi na sha giya ƙwarya biyu, na jingina bayana da rumbu, na sa awartakin nan a bakina, wanda jiya-jiya ya fito daga bakin wasu. Na kama, na murɗa, na ja. Sai na ji ƙas! Rabin haƙori ya biyo ƙarfe, saiwar tana ciki. Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa na ɗauko basilla na shiga tonon dasashina, har idona ya rufe na faɗi.

Kwana uku fuskata ta kumbura, idon hagu ya shige ciki. Na ce ai mugunya ce ta taru, sakiya za a yi. Na sa ƙarfe a wuta ya yi ja, na miƙa wa Kande, ta ce ko zan kashe ta ba za ta yi ba. Na zage ta tas. Na sa ta ajiye ruwa a ƙwarya, ina kallon fuskata a ciki, na dasa wa kumatuna jan ƙarfe da hannuna. Wayyo Allah! Ƙaurin naman jikina ya cika gidan. Ba abin da ya fito sai jini. Ran nan na san wuta tana ƙona maƙeri.

Kwana biyar muƙamuƙina ya kulle. Ko ɗan yatsa ba ya shiga tsakanin haƙorana. Zazzaɓi ya rufe ni, kumburin ya gangaro wuya, yawu ma da ƙyar nake haɗiyewa. Kande tana ɗiga mini ruwa ta gefen baki. Ni da bakina ya addabi kasuwa guda, ga ni kwance ba na iya cewa a'a.

Kande ba ta nemi izinina ba. Ta ɗaura gyale da sassafe ta tafi a ƙasa, da azahar sai ga ta tare da Nomau yana tura kekensa. Da na gan shi a bakin ƙofa na yi yunƙurin tashi in kore shi, na zube. Na yi gurnani, na nuna masa hanya da yatsa.

Ya durƙusa nesa kaɗan ya dube ni. Ya ce, "Yaya, wannan ya fi ƙarfin ɗakin maganinmu. Sai Kano, kuma yau. In kumburin nan ya toshe maƙogwaro, shi ke nan."

Ya miƙo hannu, na ja jiki na manne da bango. Kande ta fashe da kuka ta ce, "Nomau, rantsuwar fa? Ya dafa uwar maƙera."

Ya ce, "Na sani. In ƙarfe zai ci wani, ya zo ya ci ni. Ni dai ba zan bar yayana ya mutu ina kallo ba."

Ya sungume ni ya saɓa a kafaɗa. Na dunƙule hannu ina dukan bayansa da ɗan ƙarfin da ya rage mini, bai ko waiwaya ba. Suka ɗora ni a jaki, yana riƙe da ni, har bakin hanyar Kano. Duk tafiyar nan ba tunanin mutuwa nake yi ba. Tunanina ɗaya, wannan ɗan banza ya karya mini rantsuwa.

Muka zauna a bakin hanya. Motocin gyaɗa uku suka wuce a cike, Nomau yana ɗaga hannu yana ihu, ko sassautawa ba su yi ba. La'asar ta yi. Numfashina ya fara fita da ƙara, kamar zuga-zugin da ya huje. A nan ne tsoro ya shige ni.

Sai na ga Nomau ya zube gwiwa biyu a kan tsakuwa, ya ɗaga hannu sama. Ya ce, "Ya Yesu, ga Tanko. Kai ka san shi, ka san bakinsa, ka san abin da ke tsakaninmu. Ni na yafe tuntuni. Kada ka bari ya tafi yana gaba da ni. Ubangiji, ka aiko mana da mota!" Yana faɗa yana kuka, majina har gemu.

'Yan'uwa, ni ma na yi addu'a a wurin, ta farko a rayuwata. Ba zan gyara muku ita ba, don a gaban Allah nake tsaye. A cikin zuciyata na ce, "Kai Yesun Nomau, in da gaske kana nan, buɗe mini bakin nan sau ɗaya tak in zage shi, sannan in mutu."

Addu'ar ke nan. Kada ku yi dariya, abin kunya ne!

Ban gama haɗiye ta ba sai ga mota ta huɗu. Ta wuce mu, ta ci birki, ta dawo da baya. Direban wani dattijo ne Musulmi, da carbi rataye a wuya. Ya leƙo ya ga fuskata ya ce, "Subhanallahi! Me kuke jira? Ku ɗora shi." Allah ya saka wa bawan nan nasa da alheri duk inda yake.

Aka kwantar da ni a kan buhunan gyaɗa. Nomau ya zauna a bayana, ya jingina kaina da ƙirjinsa don in samu numfashi, bai sake ni ba har Kano. Ni kuwa ina jiran rantsuwata ta zo ta karɓi kayanta. Motar ƙarfe ce. Da muka isa asibiti, gadon da suka ɗora ni ƙarfe ne. Likita ya zo da faranti cike da wuƙaƙe da almakashi, duka ƙarfe. Na ce to, Tanko, yau ƙarfe zai ci ka.

Likita ya tsaga nan ƙasan muƙamuƙi. Abin da ya fito ba zan faɗa ba, akwai masu shirin cin abinci. Daga baya ya zaro saiwar haƙorin gutsure uku, da ƙarafan da aka tafasa a gabana. Ya ce da an kai gobe, da sai dai a wanke ni. Ya dubi ƙunar kumatuna da dasashin da na tone, ya tambayi Nomau, "Wane jahili ne ya yi masa wannan aikin?"

Ina kwance ina ji. Na ce a raina yau Nomau zai rama. Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, "Wani maƙeri ne a ƙauyenmu."

Kun san me? Haushi na ji! Na so ya tona ni, in samu dalilin ci gaba da ƙinsa. Ya hana ni.

Kwana goma ana soka mini allura safe da yamma. Nomau ya bar aikinsa ya tare a gindin gadona. Shi ke ɗura mini koko da ƙaramin cokali ta gurbin haƙorin, shi ke goge mini dalala, shi ke kai ni bayan gida. Ni kuma ina kwance ina tara zagi. Na jera su daki-daki, na zaɓi wanda zan fara da shi da wanda zan rufe da shi. Jira kawai nake bakin ya buɗe.

Ran kwana na goma sha ɗaya da safe na yi hamma, sai na ji muƙamuƙi ya saki. Na motsa harshe. Na ce, "Nomau."

Ya saki kwanon da ke hannunsa ya taho da gudu. "Na'am, Yaya! Ka yi magana?"

Na buɗe baki in sauke masa kayan da na tara. Na laluba cikina, babu. Na sake lalubawa, ko ɗaya babu! Wanda ya buɗe bakin ya riga ya kwashe su. Ina kallon fuskarsa kusa da tawa, ga tabo ya raba girarsa biyu. Abin da na ji ya fito daga bakina shi ne, "Girar nan tana yi maka ciwo?"

Ya ce, "Ta warke tuntuni, Yaya."

Na kama hannunsa da nawa biyu na ɗora a fuskata. Ni Tanko, mai cewa maza su ɗaura zane, na yi kuka har masu jinya suka taru a kanmu. Haleluya!

Da na koma gida maƙeran gidanmu suka daina sa hannu a kwano ɗaya da ni. Suka ce na karya rantsuwa, ƙarfe zai ci ni kafin damina. Damina bakwai ke nan suna jira, ni kuwa kullum ina bakin wuta ina dukan ƙarfe. Fartanya nake ƙerawa. Bakin mutum kuwa na daina taɓawa. Wanda ya zo mini da kumburin kumatu, korarsa nake yi zuwa asibiti, in ya tsaya gardama in haɗa masa da faɗa.

Don har yanzu ina da zafin rai, ba zan yi muku ƙarya ba. Ku tambayi Kande, ga ta can tana gyaɗa kai. Ubangiji bai gama aiki a kaina ba. Nomau ma ga shi a layin gaba. Ɗago kanka mana, malam, ba zaginka zan yi ba!

Na gode wa Yesu da ya ba ni rai. Na gode masa da ya ba ni ƙanena sau biyu. Kai kuma da ke zaune da haƙori yana cinka kana cusa kanwa, tashi ka nemi masu aikin tun bakinka yana buɗuwa. Ke da kika rantse ba ke ba 'yar'uwarki, kai da ka shekara ba ka gaida ɗan'uwanka ba, me kuke jira, sai an ɗora ku a jaki? Kada wani ya ce mini zuciyarsa ta yi baƙin da ba zai iya addu'a ba. Ku kira shi da zuciyar da kuke da ita. Ni don in yi zagi na kira shi, ya amsa, balle ku.

Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin!