Ƙwayoyin da Na Tara wa Shef Bawa

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda bai sake ni ba ko da na sake kaina. Fasto, dattawa, iyayenmu mata, sannunku.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Iliya, haƙar rijiya ce sana'ata. Ba zan shafa wa maganar mai ba: mutumin da ke tsaye gabanku ya yi wata biyar yana shirin kashe mutum.

A shekarar farin nan, sojoji na kan mulki, rijiyoyin makiyaya suka ƙafe wajen Aderbissinat. Wani ɗan kwangila, Shef Bawa, ya ɗauke mu mu takwas daga nan Agadas mu je mu zurfafa su. Cikinmu har da ƙanena Yohanna, uwa ɗaya uba ɗaya.

Shef Bawa da hannunsa yake dafa mana shayi, safe da rana. Mu kuwa, wawaye, har yabonsa muke yi. Ina aka taɓa ganin shef, wato shugaban aiki, yana fifita gawayi don ma'aikata? In ka sha kofi ɗaya sai ka ji za ka iya haƙa har ka ɓullo Damagaram. Ba yunwa, ba gajiya. Ko da ma ka ji ɗaci-ɗaci, ai ba a mayar wa babba da shayinsa.

Wata safiya muna sauke Yohanna cikin rijiya, yana zaune kan sandar da ke ɗaure da igiya, sai jikinsa ya sandare, ya hau karkarwa, ya sulɓe. Ni na shiga na ɗauko shi. Yohanna tun haihuwarsa bai taɓa farfaɗiya ba. Shef Bawa ya ce kwanansa ne ya ƙare, ya tsayar da aiki, ya sallame mu.

Kwana uku da dawowata gida, ciwo ya kama ni. Gumi, hamma, gudawa, ƙasusuwa kamar ana sassaƙa su. Na ɗauka baƙin ciki ne. Na je bakin kasuwa wurin mai sayar da magani a tire, na faɗa masa abin da nake ji. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Kai ma ɗan shayin Shef Bawa ne? Ai wurina yake ɗaukar tramol ɗin da yake zuba muku."

Ya ba ni biyu. Kafin in kai ƙofar gida ciwon ya tafi. A nan na gane abin da aka yi mana, kuma na rantse sai na shayar da Shef Bawa abin da ya shayar da mu, amma a tashi ɗaya, yadda ba zai ƙara miƙewa ba.

Na samu gwangwanin tumatir na fara tara masa ƙwayoyi. Na san rumfar da yake zama, na san yadda zan je da fara'a in ce yau ni zan dafa wa shef shayi. Komai na tsara. Abu ɗaya ne ya hana: gwangwanin ba ya cika! In na tara yau, gobe jikina ya motsa, sai in ce bari in ari biyu. Biyu suka koma huɗu, huɗu suka koma ban san iyaka ba. Wata biyar ina tara wa maƙiyina guba ina shanyewa.

Na daina zuwa sujada. Na daina kallon matar Yohanna a ido, ga ta a gidana da goyo.

Wata rana da hantsi na faɗi a tsakar gida, irin faɗuwar Yohanna. Na farfaɗo na tarar na ciji harshe, jini a rigata, matata Saratu na riƙe da gwangwanin. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baban Rahila, Shef Bawa bai ma san kana fushi ba. Ya kashe ɗaya, kai kuma kana ƙarasa masa na biyu."

A wurin na durƙusa. Addu'ata ba mai kyau ba ce, 'yan'uwa. Na ce, Ubangiji, ban yafe ba, kuma ba na so in yafe, amma kada ka bar mutumin nan ya binne 'ya'yan uwata biyu. Wannan kaɗai na iya faɗa, kuma ya ji ni!

Saratu ce ta yi yawon tambaya. Aka ce mata akwai sashe a likita, wato asibitin gwamnati, da ke duba irinmu, kuma wanda ba shi da hali ya nemi takardar marasa galihu a ma'aikatar magajin gari. Na tubure, na ce can ake kai masu taɓin hankali. Ta ce to mai hankali ne ke ɓoye gwangwani a ƙarƙashin tabarma? Na saka takalmina.

Manjon da ya karɓe ni, wato babban ma'aikacin jinya na sashen, Musulmi ne, mutum mai sanyin magana. Ya ce ba aljani ba ne, ba kuma lalacewar hali ba ce kawai. Jiki ne ya saba har ya kasa aiki sai da ƙwayar, don haka ciwo ne, ana kuma maganinsa. Ya hana ni yankewa a rana ɗaya, ya ce a hankali za a riƙa ragewa, ina zuwa suna duba ni. Shi ne ya gaya mini tramol in ya yi yawa yana kawo farfaɗiya. Na yi kuka gabansa kamar ba namiji ba.

Sai ya tambaye ni mu nawa muka sha shayin. Na ce ban da ni da marigayi, saura shida. Ya ce, "Suna ina?"

Na bi su gida-gida. Huɗu na kawo su likita da ƙafata. Mu biyar muka je muka ba jandarma shaida, maganar tana hannunsu. Yanzu ko mai haƙar masai a garin nan ya san labarin, ba mai bin Shef Bawa daji.

Ba zan yi ƙarya a gidan Allah ba. Har yau in na hango shi a kasuwa zuciyata tafasa take yi, ina so in gan shi a ƙasa. Ban kai ga gafara ba tukuna, ku taya ni da addu'a. Amma hannuna ba jini, jikina ba ƙwaya, ni ke ciyar da ɗiyar Yohanna. Yabo ga Ubangiji!

Wanda ke da mai irin wannan ciwo a gida, kada ya ɓoye shi don kunya. Ku dogara ga Yesu, ku kai shi likita, in kuna jin nauyi ni zan raka ku. Biyu daga cikinmu har yanzu ban same su ba, Audu da Sahabi. Wanda ya gan su ya ce musu Iliya na nemansu. Na gode wa Allah. Amin.