Jirgin da Ya Sauka a Gonar Dawa

Ranar kasuwar Birnin Gwari, wani manomi da wani Bafulatani suna jiran wanzami.

Manomin ya ce, "Ka ji labarin ƙaramin jirgin Bature da mai ya ƙare masa a sama? A gonata ya dira, can Dogon Dawa. Rabin dawata ya kwantar."

"Subhanallahi! Baturen ya mutu?"

"Ko ƙwarzane bai yi ba. Na ɗaure jirgin a gindin ɗorawa, yadda muke yi wa shanunku, na kai ƙara."

"Me aka yanke?"

"Aka kawo mai daga Kaduna, aka ce in sare sauran dawar don ya sami hanyar tashi."

Bafulatanin ya gyara sandarsa. "Ashe taka ce. Wallahi dawa mai kyau. Kwana uku shanuna suna ci."